Tayarod Yana Sallama Kafin Ya Tafi

Duk wanda ya taɓa zama a teburin mai shayi a gefen tashar Kawo bayan sallar Asuba ya san yadda hirar direbobi take juyawa idan labarin haɗari ya iso. Wani zai sauko daga hanyar Zariya ya ce ya baro wata tirela kwance a gefen titi, kai a cikin daji, buhuna a warwatse. Za a yi salati, a tambaya ko an rasa rai, sannan a tambayi sanadi. Ya ce, "An ce tayarod ne ya cire." Sai wurin ya yi tsit na ɗan lokaci, kafin wani babba ya ajiye kofinsa ya faɗi abin da kowa ke jira: "Ai shi tayarod ba ya ba da notis. Ranar da ya tashi, sai dai ka ji sitiyari ya zama fanko a hannunka. Allah dai ya kiyaye." Kowa ya amsa da amin, a koma kan shayi.

Cikin wannan magana na tashi. Mahaifina direban babbar mota ne, kuma masu faɗarta abokansa ne, iyayena ke nan, mutanen da suka kwana a hanyar Legas da ta Maiduguri tun ban san hannun damana da na hagu ba. Ba ni da bakin da zan koya musu tuƙi. Sai dai girmama babba bai hana a tuna masa abin da zai amfane shi, musamman idan rai ne a tsakani. Saboda haka, da neman afuwa, nake cewa wannan magana tana bukatar gyara. Tayarod yana ba da notis. Yana bayarwa a hannu, yana bayarwa a kunne, yana rubuta shi a jikin taya, kuma yakan yi makonni ko watanni yana yi. Mu ne muke sabawa da sallamarsa har mu daina jin ta, wani lokaci ma mu biya kuɗi a toshe masa baki.

Inda nake tare da su

Kafin in shiga hujja, bari in ba mai gaskiya gaskiyarsa. Daƙiƙar da ƙarfen nan ya rabu, babu sauran dabara. Motar da ke gudun kilomita 60 a awa, wato iyakar da aka yanka wa tirela da tanka a babban titin ekspires, tana cin kusan mita 17 a kowace daƙiƙa. Kafin ƙafar direba ta bar totur ta isa birki, motar ta riga ta bar layinta. Wanda ya taɓa shiga wannan hali ya tsira, idan ya ce bai ga komai ba sai ikon Allah, gaskiya ya faɗa game da wannan daƙiƙar.

Haka kuma akwai ƙarfen da yake fitowa da aibi tun daga masana'anta. A watan Nuwamban 2013 kamfanin Chrysler na Amurka ya kira motocinsa ƙirar Ram kusan miliyan 1.2 domin a duba tayarod ɗinsu, saboda an gano kuskure a yadda aka haɗa wasu. Akwai kuma ramin da mota za ta faɗa cikin dare da cikakken lodi, ya lanƙwasa lafiyayyen ƙarfe nan take. Duk wannan na yarda da shi. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a ɗauki wannan ƙalilan a shimfiɗa shi a kan kowane haɗari, har ya zama dalilin da zai hana mutum durƙusawa ya leƙa ƙarƙashin motarsa.

Abin da ke ƙarƙashin kan mota

Idan direba ya murɗa sitiyari, bokis ɗin sitiyari yana tura wani gajeren hannu na ƙarfe, shi kuma ya ja sandar da makanikai ke kira diraglin, ita kuma ta juya tayar gaba ta ɓangaren direba. Tayar ɗaya ɓangaren fa, wa ya gaya mata ta juya? Aikin tayarod ke nan. Dogon bututun ƙarfe ne da ya ratsa daga wannan taya zuwa waccan a bayan aksil, ya ɗaure su wuri guda domin su riƙa kallon gaba tare, su juya tare. A kowane bakinsa akwai kai, kuma wannan kan shi ne abin da muke magana a kai.

Kan tayarod gaɓa ce irin ta ƙugun mutum. Akwai ƙwallon ƙarfe mai wuya, yana zaune cikin wani ƙoƙo, a bayansa akwai sifirin da ke tokare shi kada ya yi sako-sako, an rufe gindin da murfi. Wuyan ƙwallon yana da tsini kaɗan, yana shiga cikin ramin hannun taya ya cije, a ɗaure shi da noti mai tsagogi, a soka fin ta cikin tsagar domin kada notin ya warware. Sai roba da ta lulluɓe bakin ƙoƙon, tana riƙe giris a ciki, tana tare ƙura da ruwa a waje. Duk lanƙwasar da mota mai ɗauke da tan 30 za ta yi, ta cikin ƙwallon da bai wuce girman ƙwan kaza ba take bi.

Wanda ya gane wannan gini ya gane dalilin da ya sa nake musun maganar iyayena. Ƙwallo ba ya fita daga ƙoƙo sai bakin ƙoƙon ya buɗe ko ƙwallon ya rame. Ƙarfe kuwa ba ya ramewa a dare ɗaya. Da kaɗan da kaɗan yake ci, kamar yadda turmi ke zurfi.

Abin da na gani da idona

Akwai wani dattijon bakanike da ke aikin ƙafar manyan motoci a wani gareji tsakanin Kawo da Mando, wanda mahaifina yake kai wa mota. Wata rana ina saurayi na tarar da shi yana ja-in-ja da wani direba da ya kawo motarsa a duba masa birki. Dattijon ya fito daga ƙarƙashi yana goge hannu ya ce, "Ɗana, birkinka lafiya lau. Tayarod ɗinka na dama ne ya gama aiki."

Direban ya ce, "Haba Baba, jiya na taso daga Kano da lodi, ko gezau motar ba ta yi ba. A dai ɗan sa masa giris, in na dawo daga wannan tafiya sai a canza."

Dattijon bai ce masa komai ba. Ya kama hannunsa ya ja shi ƙarƙashin motar, ya ɗora tafin direban a kan gaɓar, yatsu a kan ƙoƙo, babban yatsa a kan hannun taya. Ya ɗaga murya ya ce wa yaronsa da ke sama, "Kai, kaɗa sitiyari, kaɗan-kaɗan!" Ina tsugune ina kallo. Bututun ya motsa, ƙoƙon ya motsa, amma hannun tayar bai bi ba sai da aka ji wani ɗan "ƙwas". Aka mayar, aka sake jin "ƙwas". Na ga fuskar direban ta sauya.

Da aka ciro kan, dattijon ya sa aka tsaga shi biyu da injin yankan ƙarfe, ya ajiye a kan benci. Robar ta daɗe da yagewa. A ciki babu giris, sai wani busasshen jan gari kamar garin bulo. Ƙwallon da ya kamata ya yi sheƙi kamar cokali ya yi kurzunu-kurzunu, gefe guda ya shafe, wuyansa ya yi zobe inda bakin ƙoƙon ya riƙa gurzarsa. Leɓen ƙoƙon kuwa ya yi siriri har ana iya ganin inda ya fara buɗewa. Dattijon ya nuna da tsinin sukudireba ya ce, "Ka ga wannan? Tun damina yake kiran ka. Rami ɗaya ya rage masa." Direban ya daɗe yana juya ƙarfen a hannunsa, sannan ya ce, "Baba, a canza duka biyun."

Da a ce ramin nan ya riga dattijon, da washegari a teburin mai shayi an ce tayarod bai ba da notis ba.

Harsunan da yake magana da su

Sallama ta farko a hannu take zuwa. Sitiyari ya fara wasa, ka murɗa shi ya yi 'yar tafiya kafin taya ta amsa. A littattafan koyar da direbobin manyan motoci a Amurka, ana gargaɗin cewa wasan da ya wuce digiri 10, wato kusan santimita 5 a bakin sitiyari mai faɗin rabin mita, abin dubawa ne. Daga nan sai mota ta fara yawo a miƙaƙƙiyar hanya. Tun da aka gyara titin Kaduna zuwa Zariya ya zama shimfiɗaɗɗe, ya zama wurin gwaji mai kyau: idan daga Rigachikun zuwa Jaji kana ta kamo mota, ka ɗan ja dama ka ɗan ja hagu alhali babu iska babu gargada, akwai abin da ke sako-sako a ƙasa.

Ta biyu a kunne take. Ƙwas-ƙwas ko ƙwal-ƙwal daga gaba idan an hau tudun rage gudu, ko an sauka daga kwalta zuwa ƙasa, ko ana murɗa kai a hankali domin shiga gareji. Wani lokaci kuma sitiyari ya ɗauki kakkarwa bayan an taka rami, ya ƙi dainawa sai an rage gudu.

Ta uku ita ce wadda ba ta ɓuya, domin a rubuce take. Ana saita tayoyin gaba na babbar mota bakinsu ya ɗan kalli juna da abin da bai wuce milimita 1 zuwa 2 ba. Tayarod ne ke riƙe da wannan awo. Idan kansa ya ci, awon ya tafi, tayoyin su riƙa tafiya a karkace suna gurzar kwalta. Lissafin mai sauƙi ne: tayar babbar mota tsayinta ya ɗan haura mita ɗaya, don haka kuskuren milimita 3 kacal yana nufin tayoyin biyu suna jan juna gefe kusan mita 3 a kowace kilomita. Daga Kawo zuwa Kano an ja su a kwance fiye da rabin kilomita ke nan. Shafa tafinka a kan irin wannan taya daga waje zuwa ciki, sannan ka dawo da shi. Ta ɗaya gefen za ka ji santsi, ta ɗayan kuma kaifi kamar haƙoran zarto. Sau nawa muka ga an zagi kamfanin taya, an ce tayoyin yanzu ba su da ƙarko, alhali ƙaramin ƙarfen da ke bayansu ne yake cinye su?

Ta huɗu kuwa ido ne kawai take bukata: roba ta tsage ko ta zame, gaɓa ta bushe ƙayau, jan tsatsa ya yi zobe a gindin noti, fin ya karye ko babu shi sam.

Me ya sa gogaggen direba ba ya ji?

A nan ne nake ganin asalin maganar ya fito, kuma a nan ne nake ƙara yi wa iyayena uzuri. Lalacewar tana zuwa ne a hankali, hannun direba kuma yana da saurin sabo. Wasan da ya ƙaru yau bai kai kaurin gashi ba a kan na jiya. Hannu ya gyara da kansa, gobe ma ya gyara, har a wayi gari mutum yana tuƙa motar da baƙon direba ba zai yarda ya fitar da ita daga tasha ba, shi kuwa yana rantsuwa lafiyarta ƙalau. Gwanintarsa ce ta rufe masa aibin.

Sannan motocin yanzu sun bambanta da na da. Mai tuƙa tsohuwar Marsandi 911 da ƙarfin damtsensa yake juya kai, duk abin da taya ta taka sai ya ji shi a kafaɗa. DAF da MAN da Howo na yau suna da fawa sitiyari, mai ne ke yin aikin ƙarfi, kuma yana shanye yawancin bugun kafin ya iso hannu. Ga kujera mai laushi, ga gilashi a rufe, ga rediyo. Sauƙin da aka samu alheri ne, amma ya rage muryar ƙarfen, don haka dole ido ya karɓi aikin da kafaɗa take yi a da.

Akwai kuma abin da ba a cika faɗa a fili ba. Direba da yawa yana ji sarai, amma yana tsoron buɗe baki. Idan ya ce wa mai mota a canza tayarod, sai a dube shi a matsayin mai neman cin kuɗin gyara. Idan motar ta kwana a gareji, lodin ya wuce shi, kuɗin tafiyar da iyalinsa ke jira ya tafi. Sai ya haɗiye abin da ya ji, ya ce in an dawo. Ranar da abin ya faru, faɗin cewa ba a sami notis ba ya fi sauƙi ga kowa, da direban da mai motar da wanda ya duba ta.

Toshe bakin mai gargaɗi

Mafi ciwo a cikin lamarin shi ne gyaran da ba gyara ba. Kowa a harkar nan ya san shi. A ciro kan da ya ci, a ɗora shi a kan maƙera, a bi murfin da guduma har ƙoƙon ya matse ƙwallon. Ko a buɗe gindin a cusa guntun roba ko yankin jarka, a mayar a ɗiga walda. Ko wuya ya yi sako-sako a raminsa, a naɗa masa gwangwani, a bi notin da walda. Fin ya ɓace, a lanƙwasa ƙusa a soka. Bututu ya lanƙwashe, a gasa shi da wuta a miƙar.

Bayan an yi haka ƙarar takan ɗauke, sitiyari ya yi tsam, direba ya tafi yana sa albarka. Amma naman ƙarfen da ya riga ya tafi bai dawo ba. Leɓen ƙoƙon da ya yi siriri guduma ta ƙara gajiyar da shi. Zafin walda yana ɓata taurin da aka ba ƙarfen a masana'anta, ya bar shi da gautsi, ya kuma ƙone roba da giris. Irin wannan kan shi ne wanda da gaske yake iya tafiya ba sallama, domin ya yi sallamar tun farko, aka biya kuɗi aka rufe masa baki. Ina roƙon 'yan'uwana makanikai su dubi wannan da idon basira. Na san sau da yawa mai motar ne ke matsa muku, yana cewa a yi masa dabara. Amma hannunku ne na ƙarshe da ya taɓa ƙarfen.

Giris ma an ɗora masa abin da ba aikinsa ba. Giris yana hana ci, ba ya mayar da abin da ya ci. Idan aka dunƙula shi cikin gaɓar da ta riga ta buɗe, zai kashe ƙarar na kwana biyu, shi ke nan.

Amsa ga wasu uzurori

Za a ce hanyoyinmu ne. Gaskiya ne hanyar Birnin Gwari da makamantanta sun sha cin ƙafar mota, kuma yanayinmu ba ya tausaya wa ƙarfe. Ƙurar hunturu idan ta sami tsagar roba ta shiga ta gauraya da giris, sai ta zama kamar dutsen wasa wuƙa. Damina ta zo, ruwan kwata ya wanke sauran, tsatsa ta kama. Ga masu wankin mota da ke saita bakin famfo mai ƙarfi kai-tsaye a kan robar. Ga lodin wuce kima: ƙa'idar da ƙasashen yammacin Afirka masu amfani da kuɗin sefa, har da maƙwabciyarmu Nijar, suka amince da ita a 2005 ta tsayar da nauyin aksil ɗin gaba a tan 6, amma kowa ya san abin da ake ɗora wa motocin hatsi da na siminti. Sai dai duk waɗannan hujjata suke ƙarfafawa. Idan ƙarfe yana saurin ci a ƙasarmu fiye da ƙasar da aka ƙera shi, mu ya kamata mu fi kowa yawan duba shi.

Za a ce kayan gyara jabu sun cika kasuwa. Haka ne, kuma a Panteka da sauran kasuwannin kayan mota akwai mai kyau akwai na banza, akwai sabo akwai ɗan Beljiyam. Ɗan Beljiyam na tayarod abin a yi hattara da shi ne ƙwarai, domin ba ka san tafiyar da ya riga ya yi ba, kuma robarsa ta tsufa ko da ƙwallon bai ci ba. Amma jabun kai ma yakan nuna halinsa da wuri, wasa ya bayyana bayan 'yan tafiye-tafiye. Wanda ke dubawa zai kama shi.

Za a ce kuɗi. A tambayi duk mai sayar da kayan manyan motoci: kawunan tayarod guda biyu ba su kai kuɗin tayar gaba guda ɗaya ba. Wanda ya ƙi canza su zai sayi tayoyi biyu kafin lokacinsu, ya ƙara shan gas, wannan ma idan abin ya tsaya a kan dukiya ke nan.

Za a ce tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Na yi imani da ƙaddara kamar yadda iyayena suka yi, kuma babu bakaniken da zai ƙara wa wani kwana. Amma malamanmu sun sha karantar da mu labarin mutumin da ya zo da raƙuminsa yana tambaya ko ya sake shi ya dogara ga Allah, aka umarce shi da ya ɗaure shi tukuna sannan ya dogara. Direban da ke auna mai da ruwa kowace safiya, ya bi tayoyi yana bugawa da ƙarfe, bai saɓa wa tawakkali ba. Me zai sa leƙa tayarod kaɗai ya zama jayayya da ƙaddara? Kuma ran da ke cikin haɗarin ba na direba kaɗai ba ne. Tun da aka buɗe sabuwar gadar Kawo a Janairun 2022 motoci sun sami sarari, amma mutane ba su ragu ba. A tsaya a nan ranar Talata, ranar kasuwar Kawo, a ga masu Keke Napep, da 'yan talla, da ɗalibai, da mata masu goyo suna tsallaka titi a gaban motocin da suka fito daga Kano za su karya Mando su hau baifas. Ba ɗayansu da ya san halin da ƙarfen ke ciki. Amana ce a wuyan wanda ya sani.

Minti biyar kafin a tashi

Dubawar ba ta bukatar na'ura. A tsayar da mota a shimfiɗaɗɗen wuri, tayoyi a ƙasa suna kallon gaba, a ja birkin hannu, a cire giya, yaron mota ya sa weji gaba da baya. A tayar da inji, mutum ɗaya ya riƙa kaɗa sitiyari hagu da dama a gajarce, ɗaya ya tsuguna inda taya ba za ta same shi ba ya zuba wa gaɓar ido. Ƙoƙo da hannun taya su tashi tare, su tsaya tare. Idan ɗaya ya riga ɗaya, ko notin ya motsa, an sami matsala. Sannan a kashe inji, a kama bututun kusa da kan da hannu biyu, a tura sama a ja ƙasa. Idan ya ɗan murɗa a kan ƙwallonsa, wannan aikinsa ne. Idan kuwa ya yi tsalle sama da ƙasa, ya ci. Jami'an duba manyan motoci a Amurka da Kanada, idan suka sami motsin da ya wuce milimita 3 da ƙarfin hannu kawai, a wurin motar take kwana sai an gyara. Kada a sa ƙarfen banƙara, domin yana danne sifirin ɗin ciki ya ba da amsar ƙarya, yana kuma iya ɓata lafiyayyen kai. Yadda aka duba tayarod haka za a duba kawunan diraglin, gininsu ɗaya ne.

Wajen giris, a goge bakin tukuna kada a tura ƙasa ciki, a buga a hankali har tsohon ya fito sabo ya biyo shi, ba tare da an fasa robar ba. Kawunan da aka ƙera a rufe, marasa bakin giris, kamar na yawancin motocin Turai, ba a huda su. Robarsu ita ce ransu, in ta yage a canza.

Wajen canzawa kuma, a tuna tiredin gefe guda na dama ne, na ɗayan na hagu. A auna tsawon tsohon kafin a kwance. Kan ya shige bututun har ya wuce ƙarshen tsagar, a matse kilam sosai. A goge wuyan da raminsa su bushe, a tabbata ramin bai buɗe ba. A ɗaure noti daidai awon da kamfanin motar ya faɗa, idan tsagar ba ta hau kan ramin fin ba a ƙara matsewa kaɗan, kada a sassauta. A sa sabon fin. Daga nan a wuce wurin alaimen kafin a ɗauki lodi.

Kira

Hukumar kiyaye haɗurra da aka kafa a 1988 tana da tsarin da ta fito da shi a 2007 wanda ya wajabta wa masu motocin haya biyar zuwa sama su tsara kula da lafiyar motocinsu. Ga jami'an VIO, ga KASTLEA a titunan Kaduna. Amma jami'i ba zai kwana a ƙarƙashin kowace mota ba. Shugabannin ƙungiyoyin sufuri na NURTW da NARTO a tashoshinmu sun fi kowa iko a kan wannan, domin ta hannunsu lodi ke fita. Idan suka mayar da kaɗa sitiyari sharaɗi kafin a ba mota layi, cikin wata guda zai zama al'ada. Masu motoci kuma su sani, direban da ya zo ya ce ƙafar mota na bukatar gyara dukiyarku yake tsarewa, kada ku sa ya yi nadamar faɗa.

Ku kuma iyayena da yayyena direbobi, ku ne yaran mota ke kwaikwayo. Yaron da ya ji ubangidansa yana cewa tayarod ba ya ba da notis, ba zai taɓa durƙusawa ya duba ba idan ya karɓi tasa motar. Wanda kuwa aka kama hannunsa aka ɗora a kan gaɓa, ya ji wannan "ƙwas" ɗin a tafinsa sau ɗaya, ba zai manta ba har ya tsufa. Ni ma da nake tsugune a gefe ban manta ba. Gobe da safe, kafin a kama hanya, a kira yaron a nuna masa.

Allah ya tsare hanya, ya kai kowa gida lafiya.